Shin Yadda Ake Zaɓen Waƙa a Faifan CD Yana Canza Sauti?

Gabatarwa

Duk da cewa waya da katin memori sun ture faifan CD gefe, har yanzu a Azare da Yana akwai masu kunnen kiɗa da ke adana faifan Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos. Wasunsu na cewa idan aka danna lambar waƙa kai tsaye, ko aka bar na'ura ta yi ta tsallake-tsallake, sautin ba ya kai daɗin wanda aka saurara tun daga farko. Wannan maƙala za ta duba gaskiyar batun.

Yadda Faifan Yake Aiki

Kamfanonin Sony da Philips ne suka fito da CD a 1982. Ba kamar kaset ba, lambobi ake ajiyewa a cikinsa: ana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa. Hasken lesa yana karantawa daga tsakiyar faifan zuwa baki. A can tsakiya akwai jadawalin da ke nuna inda kowace waƙa ta fara, har zuwa waƙa 99. Idan mai sauraro ya danna 7, na'ura za ta duba jadawalin ta kai idonta wurin. Lambobin da za ta tarar su ne dai waɗanda za ta tarar da ta biyo daga waƙa ta 1. Ashe ke nan hanyar zaɓe ba ta taɓa sautin.

To Ina Bambancin Yake?

Na farko, tushen waƙar. Idan daga MP3 mai kilobit 128 aka kwafo ta, an matse ta kusan sau 11, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa. Na biyu, ƙurar hunturu da karce. Na'ura na iya gyara ƙananan kurakurai, amma idan suka yi yawa sai ta yi kirdado ko ta riƙa tsalle. Waƙoƙin ƙarshe, da ke bakin faifai inda yatsu ke taɓawa, sun fi shan wannan wahala. Na uku, idan an tattaro waƙoƙi daga kaset daban-daban, ƙarfinsu yakan bambanta, kunne kuwa yakan ɗauki mai ƙarfi a matsayin mai daɗi.

Kammalawa

Laifin ba na maɓalli ba ne. Maimakon kashe kuɗi a kan sabuwar na'ura, gara a riƙe faifai ta gefe, a goge shi daga tsakiya zuwa baki, sannan a kwafe tsofaffin waƙoƙinmu ba tare da matsewa ba tun faifan bai lalace ba. Rigakafi ya fi magani.