Wa ke ba da labarin Lugu?

A Yamai, mai tasowa daga Gaweye ya nufi gidan tarihi na Bubu Hama zai ga cibiyar al'adun da aka daɗe ana kira da sunan Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim. A 2024 hukuma ta sauya mata suna zuwa na Mustafa Alasan, ɗan ƙasa kuma gwanin silima. Sauya allo aikin wuni guda ne. Abin da littafi da fim suka dasa a zukata shi ke da wuyar tumɓukewa.

A 1899 Joseph Conrad ya fitar da labarinsa Heart of Darkness, na wani Bature da ya haukace da mulki a Kwango. A wannan shekarar ce rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa, ta yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi. Conrad ya ƙyamaci zaluncin Turawa, ba a musu. Amma baƙaƙen da ke littafinsa kusan ba su da suna, ba su da baki, sai ihu da kiɗa a bakin kogi. Ciwon da ya dame shi na Bature ne da ya lalace, ba na waɗanda aka kashe ba. Shi ya sa a 1975 Chinua Achebe ya fito fili ya ce marubucin mai wariyar launin fata ne. Da daraktan fim Coppola ya mayar da labarin fim a 1979, Apocalypse Now, ya kai shi Biyetnam, amma ba ta sake zane ba: mutanen ƙasa na can baya, kyamara na kan sojan Amurka.

Abdullahi Mamani ya juya tabarmar. A littafinsa Sarraounia na 1980, Sarauniyar Lugu da Aznanta su ke magana, su ke shawara, su ke yaƙi da rundunar Voulet. Bai kuma rufa wa sarakunan da suka ba Nasara hannu asiri ba, abin da har yau wasu ba sa son ji. Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a 1987. Abin takaici, a Burkina Faso aka ɗauke shi, ba a Nijar ba.

Malaman makarantun Yamai, ku nemo fim ɗin Med Hondo ku nuna wa ɗalibai, ku sa su karanta littafin Mamani, sannan ku tambaye su wa aka ba baki, wa aka hana.