Sheƙar Sha-Kauci A Cikin Gida

Akwai wani ɗan tsuntsu da mu ke gani a Ringim, a gidajenmu da lambunan bakin kogin Haɗeja. Sunansa sha-kauci. Bakinsa siriri ne, mai ɗan lanƙwasa. Namijin yana ƙyalli kamar riga ta fito daga mabuga, amma macen ba ta da ado. Ƙanana daga cikinsu ba su kai nauyin giram 10 ba.

An ba shi wannan suna domin yana shan zaƙin furen kauci. Yana kuma shan na zogale da na lemo. In ya zura baki cikin fure, sai garin furen ya manne masa, ya kai shi ga wani furen. Da haka itatuwa da yawa su ke yin 'ya'ya. Gaskiya kam har kaucin ya kan taimaka, ga shi kuwa kauci cutar itace ne. Amma ba shi ke baza irinsa ba, wannan aikin waɗansu tsuntsaye ne masu cin 'ya'yan.

A ƙasashen Amurka akwai wani mai kama da shi, wanda ke tsayawa cak a iska yana shan fure. Mafi ƙanƙanta yana tsibirin Kuba, nauyinsa kamar giram 2. Ba danginsu ɗaya ba, sana'a ce ta haɗa su. Namu ya fi son ya sauka a kan reshe tukuna.

To, ga zancen sheƙa. Macen ce ke yin ta. Ta kan tara busasshiyar ciyawa da guntayen ganye, ta ɗaure su da yanar gizo-gizo. Ta kan rataya ta a siririn reshe kamar 'yar jaka, da ƙofa a gefe. Ciki kuwa ta shimfiɗa abu mai laushi irin audugar rimi ko ta tumfafiya. Daga waje sai ka ce shara ce iska ta maƙala. Wannan ɓad da kama shi ke tsare ta daga hankaka. Shi ne kuma ke sa matar gida ta kaɗe ta da tsintsiya ba ta sani ba. Saboda haka kafin mu sare reshe ko mu kaɗe yana, mu duba tukuna.

Ta kan yi ƙwai 1 ko 2. Ta kwanta a kansu kamar kwana 14, sa'an nan su ƙyanƙyashe. 'Ya'yan su kan fito tsirara, idanu a rufe. Bayan mako 2 ko fiye kaɗan su ke tashi. Watau wata guda kawai za mu yi haƙuri da reshen nan.

Cikin watan nan mu kalla daga nesa. In mun tsaya kusa, uwar ba za ta shiga ba, ƙwan su yi sanyi ko 'ya'yan su kwana da yunwa. Mu sa ido a kan kyanwa. Yara kuwa, a faɗa musu su ajiye danƙo. Mun ga ya fi sauƙi a ɗora musu tsaron sheƙar, su riƙa ƙidaya kwanakin da gawayi a jikin bango. Yaron da aka ba amana ba ya jifa.

Kada mu fesa maganin ƙwari a itacen. Mutane da yawa suna tsammani zaƙin fure ne kaɗai abincinsu. A'a. 'Ya'yan da ƙwari da gizo-gizo a ke ciyad da su, uwa da uba suna ta kai da kawowa tun asuba. In ƙwarin sun sha guba, 'ya'yan ma sun sha.

In ɗan ya faɗo ba gashi, a ɗauke shi a hankali a mai da shi sheƙa. Ana cewa in hannun mutum ya taɓa shi uwar za ta ƙi shi. Ba haka ba ne, za ta ci gaba da ba shi abinci. Kada a ɗura masa ruwa ko koko, zai shaƙe. In kuwa ya yi gashi yana tsalle daga reshe zuwa reshe, a bar shi. Koyon tashi ya ke yi, iyayen suna nan kusa. Sai dai a rufe kyanwa a ɗaki kwana biyu.