Me ya sa goge fayil ba ya samar da wuri a kwamfuta?

Masu amfani da manhajar Docker kan yi mamakin yadda ma'ajiyar kwamfutarsu ke ci gaba da kasancewa a cike, duk da sun goge fayiloli.

Wani dalili shi ne tsarin OverlayFS, wanda aka shigar cikin Linux a shekarar 2014. Tsarin yana ɗora wata ma'ajiya ne a kan wata. Ta ƙasa karanta ta kawai ake yi, duk wani sauyi kuma a ta sama yake sauka.

Idan aka goge fayil ɗin ƙasa, alama ce kawai ake sanyawa a sama domin ɓoye shi, amma yana nan daram.

Kafin a cire tsarin, wajibi ne a kwance haɗin da umarnin umount. Wanda kuma ya share ma'ajiyar sama ba tare da ya kwafe abin da ke ciki ba, ya yi asarar duk aikin da ya ajiye tun daga ranar da aka haɗa su.