Allurar haihuwa: abin da ɓera ya koya mana game da saniyar da ba ta ɗaukar ciki

A bazarar da ta wuce, bayan taron ƙungiyarmu a Kornaka, wani dattijo ya ja ni gefe. Saniyarsa Azawak ta shekara biyu ba ta haihu ba. Ɗansa ya nuno mini hoton wata ƴar kwalba a waya, an rubuta FSH a jikinta, ya ce ya ji ita ce allurar haihuwa. Dattijon har ya yanke shawarar sayar da akuya biyu don a sayo. Da na karanta rubutun sai na ce: "Baba, wannan ta ɓera ce." Ya yi dariya, ya zaci wasa nake.

Ba wasa ba ne, kuma bayanin zai amfani kowane makiyayi.

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwar kowace dabba akwai wani ɗan ƙullutu da ke sakin sinadarai cikin jini. Ana ce musu homon, aikinsu kai saƙo. FSH ɗaya ne daga cikinsu, kuma furotin ne. A jikin mace, shi ke zuwa ma'ajiyar ƙwai ya sa ƙwai ya girma. Idan ya kusa nuna sai saniya ta fara neman barbara: tana kuka, tana hawan ƴan uwanta, tana tsayawa a hau ta. Daga nan wani homon mai suna LH ya sa a saki ƙwan. Saniya da akuya suna maimaita wannan kusan kowane kwana 21, tunkiya kuwa kwana 17. A jikin namiji, FSH na taimaka wa maraina wajen yin maniyyi.

To ina ruwan ɓera? Cikin saniya wata tara ne, na akuya wata biyar, na ɓera kuwa kusan kwana 20. Abin da mai bincike zai jira shekaru kafin ya gani a garke, a ɓera cikin watanni zai gan shi. A 1997 masu bincike a Amurka suka samar da ɓerayen da jikinsu ba ya yin FSH. Matan ba su haihu ba, domin ƙwansu ya tsaya bai nuna ba. Mazan sun iya barbara har an haihu, amma marainansu ƙanana ne, maniyyinsu kaɗan.

Ita kwalbar da yaron ya nuno, ba daga jikin ɓera aka tatso ta ba. Ana ɗaukar ƙwayar halittar da ke ɗauke da umarnin yin FSH na ɓera, a dasa ta cikin ƙwayoyin jiki da ake reno a ɗakin gwaje-gwaje, su yi ta fitar da furotin ɗin, a tace. Abin da ke cikin kwalbar bai kai ƙwayar gero ɗaya nauyi ba. Don gwaji aka yi shi, ba don jinyar dabba ba.

Akwai homon da likitocin dabbobi ke amfani da su. Ɗaya shi ne PMSG, wanda aka gano a 1930 cikin jinin goɗiya mai ciki, yana aiki irin na FSH. Da irinsu ake daidaita lokacin barbarar shanu kafin a yi musu barbarar roba, aikin da aka yi wa shanun Azawak a tashar Tukunus, kusa da Filinge. Amma sai likita ya duba saniya tukuna. Wata allurar da ake haɗawa a wannan aiki, idan aka yi wa mai ciki, ɓari za ta yi. Don haka kada ku sayi irin wannan a kasuwa.

Da muka je garken dattijon, haƙarƙarin saniyar ana ƙirga shi daga nesa. Idan dabba ta rame, ƙwaƙwalwa kan rage aika saƙon haihuwa, musamman LH, don jiki ya tsira da abin da ya rage. Allura ba ta maye gurbin ciyawa.

Idan taku ta daɗe ba ta ɗauka ba, ku fara da waɗannan. Ku duba ƙibarta. Tun kaka ku tanadi harawa, dusa da tunkuza, ku fifita masu shayarwa, kada ku manta da gishiri da kanwa. Ku ba da maganin tsutsar ciki. Ku lura safe da yamma, domin neman barbarar saniya ba ya cika wuce yini guda, wani lokaci da dare yake zuwa. Ku duba bijimin ma, don laifin ba kullum na mace ba ne. Idan ɓari ya yawaita a garke, ana zargin bakkale: ku kira likitan dabbobi na Dakoro ko mataimakinsa na kusa, kada ku taɓa mahaifa da hannu tsirara, kuma ku tafasa madara.

Dattijon ya fasa sayar da akuya biyu. Ɗaya ya sayar, ya sayi dusa da maganin tsutsa. Na roƙe shi ya riƙa lura da ranar da saniyar za ta nemi barbara, ya sa ɗansa ya rubuta. Da wannan takardar za mu koma wajen likita idan damina ta wuce ba ta ɗauka ba.