Lambar da ke cikin aksil: yadda ake zaɓar giyar a-kori-kura mai jan tirela

Motoci biyu ƙirar a-kori-kura na iya fitowa daga kamfani ɗaya, a shekara ɗaya, da inji iri ɗaya, amma a samu tazarar tan guda ko fiye tsakanin nauyin tirelar da aka amince kowacce ta ja. A motar Ram 1500 mai injin lita 5.7, alal misali, irin wannan tazara ce ke tsakanin wadda aksil ɗinta ke ɗauke da lamba 3.21 da wadda ke ɗauke da 3.92. Bambancin yana cikin tukunyar ƙarfen nan da ke tsakiyar tayoyin baya, inda mai saye bai cika leƙawa ba.

A Amurka, inda ake jan tirelolin shanu da dawaki da kwale-kwale da injinan gini da irin waɗannan motoci, mai saye ne ke zaɓar lambar tun daga kamfani. Ford na sayar da F-150 da lambobi irin su 3.15 da 3.31 da 3.55 da 3.73. Idan motar ta tsufa aka shigo da ita Najeriya ta Legas ko Kwatano, sabon mai ita yakan gaji zaɓin da wani ya yi don wata buƙata dabam. Wanda ya sayi motar da aka tsara domin zuwa ofis, ya ɗaura mata tirelar taki ko tankin ruwa, shi zai biya kuɗin wannan saɓani a wajen makanike.

Ma'anar lambar

Ƙarfin inji yana bi ta akwatin giya, ya shiga farfela, wato doguwar sandar da ke juyawa a ƙarƙashin mota, sannan ya isa aksil. A can wani ƙaramin ƙarfe mai haƙora ne ke juya wani babban faifai mai haƙora, shi kuma faifan ya juya tayoyi. Idan aka raba yawan haƙoran babban da na ƙaramin, sai lambar ta fito. Haƙora 41 da 11 suna ba da 3.73. Haƙora 41 da 10 suna ba da 4.10, yayin da 39 da 11 ke ba da 3.55.

Saboda haka 3.73 na nufin farfela za ta juya sau 3.73 kafin taya ta kammala juyi ɗaya. Duk yadda lambar ta ƙaru, haka ƙarfin murɗawar da ke isa taya ke ƙaruwa, amma inji zai riƙa juyawa da sauri kafin a cimma gudu iri ɗaya. Mai keke ya san wannan: idan ya zo hawa, yakan mayar da sarƙa kan babban faifan baya, ƙafarsa ta yawaita juyi, tuƙin ya yi sauƙi, gudu ya ragu.

Riba da hasara a lissafe

A ɗauki mota mai taya lamba 265/70R17, wadda tsayinta ya kai kimanin santimita 80. A gudun kilomita 100 cikin awa, tayar na juyawa kusan sau 660 a minti. Idan giyar ƙarshe ta akwatin giya 0.70 ce, injin motar da ke da 3.55 zai riƙa juyi kusan 1,640 a minti, na mai 3.73 kusan 1,730, na mai 4.10 kuwa kusan 1,900.

Mai 4.10 ta fi mai 3.55 ƙarfin murɗa taya da kimanin kashi 15 cikin ɗari a kowace giya. Hasararta ita ce ƙarin shan mai da ƙarar inji idan tana tafiya fanko a doguwar hanya. Sai dai lissafin yakan canza da zarar an ɗaura kaya. Motar da lambarta ta yi ƙasa ba ta iya riƙe giyar sama a ƙarƙashin nauyi. Mai giyar otomatik sai ta riƙa sauka tana hawa tsakanin giya biyu, man giya ya yi zafi, kuma zafi ne babban abin da ke kashe irin wannan akwati. Mai giyar hannu kuwa kuloci ne ke shan wahala a duk lokacin tashi daga tsaye. Man da ake fatan tsimi ba ya samuwa, domin ƙafar direba na kan totur koyaushe.

Abubuwa biyar da ake dubawa

Na farko shi ne nauyi da yawan aiki. Mai jan tirela sau biyu ko uku a shekara, kuma nauyin bai kai rabin iyakar motar ba, lambar tsakiya kamar 3.55 ta wadatar da shi. Wanda ke jan nauyin da ya kusa iyaka a kowane mako ya fi dacewa da 3.73 ko 4.10 ko abin da ya yi sama. Toyota Tundra mai injin lita 5.7 da aka shirya domin jan kaya ta riƙa zuwa da 4.30.

Na biyu shi ne akwatin giya, domin ƙarfin tashi ya dogara ne ga ninka giyar farko da lambar aksil. Tsohon akwatin Ford mai giya huɗu yana da giyar farko 2.84, wadda idan aka ninka da 4.10 za ta ba da kusan 11.6. Akwati mai giya goma da kamfanin ya fara sanya wa F-150 a 2017 yana da giyar farko kusan 4.70, kuma ko da aksil mai 3.31 yana ba da kusan 15.5. Shawarar da ta dace da motar 2004 ba lallai ta dace da ta 2019 ba.

Na uku shi ne nau'in inji. Injin dizal yana ba da cikakken ƙarfin murɗawarsa tun daga juyi 1,600 zuwa 2,000 a minti, don haka yana jure ƙaramar lamba. Injin fetur marar turbo sai ya kai wajen juyi 3,500 zuwa 4,500, shi ya sa ya fi buƙatar babbar lamba.

Na huɗu shi ne girman taya, kuma a nan ne masu motoci da yawa ke cutar kansu ba da sani ba. Doguwar taya tana rage ƙarfin da ke isa ƙasa. Motar da ke da 3.73, aka cire mata taya mai santimita 80 aka sa mai 89 don ado ko don ramukan hanya, za ta koma aiki kamar mai 3.35. Kafin ta dawo yadda take, sai an sa mata 4.10. Agogon gudu ma zai riƙa nuna ƙasa da ainihin gudun da ake yi.

Na biyar shi ne hanya. Injin da ba shi da turbo yana rasa kimanin kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau sama da teku, saboda iska na raguwa. Jos tana kan tudu mai kimanin mita 1,200, ke nan motar da ta taso daga Legas ta rasa fiye da kashi goma kafin ta isa. Lambar da ta wadatar a shimfiɗaɗɗiyar hanya za ta iya gazawa a Hawan Kibo. A gangara ma babbar lamba na da amfani, domin tana ƙara wa inji ƙarfin riƙe mota, birki ya samu sauƙi.

Yadda ake gano lambar

Motocin Ford na ɗauke da alamar aksil a takardar da ke manne jikin ƙofar direba. Na Chevrolet da GMC na da jerin lambobi, galibi a akwatin ajiya na gaban fasinja, inda GU6 ke nufin 3.42, GT4 ke nufin 3.73, GT5 kuma 4.10. Tun da tsohuwar mota na iya zuwa da aksil da aka canza, gwaji ya fi takarda tabbas. Ana tare tayoyin gaba da waiji, a ɗaga tayar baya ɗaya, a sa giya a firi, a yi wa taya da farfela alama da alli. Idan aka juya tayar sau biyu cif, adadin juyin farfela shi ne lambar. Idan aksil ɗin mai kulle tayoyin biyu ne, sai a ɗaga duka biyun a juya sau ɗaya.

Abin da canjin giya ba ya gyarawa

Adadin nauyin da kamfani ke rubutawa yana fitowa ne daga gwajin motar baki ɗaya. Ƙa'idar J2807 ta ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE, wadda manyan kamfanonin Amurka suka runguma daga motocin 2015, ta tanadi hawan tudun madatsar ruwa ta Davis a jihar Arizona, mai tsawon kimanin kilomita 18, cikin zafin da bai gaza digiri 38 ba, na'urar sanyaya mota na aiki a ƙure. Ƙa'idar ta kuma ƙunshi tashi daga tsaye a kan tudu, da tsayawa da birki, da daidaiton mota a kwana.

Wanda ya sa 4.10 a madadin 3.55 ya ƙara ƙarfin ja ne kaɗai. Birkinsa da lagireto da sifirin da ƙugiyar ja suna nan yadda suke, kuma iyakar da kamfani ya gindaya ba ta motsa ba. Haɗarin ma yakan ƙaru, domin motar za ta iya tayar da nauyin da ba za ta iya tsayar da shi ba. Shi ya sa jihohi da dama a Amurka suka wajabta wa tirelar da ta wuce kimanin kilo 1,360 birkinta na kanta. Ana kuma so kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela ya sauka a kan ƙugiya, don kada ta riƙa lilo a baya.

Idan canjin ya zama dole, mota mai jan tayoyi huɗu sai an canza mata gaba da baya da lamba ɗaya, in ba haka ba sassan za su riƙa jayayya har wani ya karye. Aikin yana buƙatar makanike mai kayan awo, domin ɗan kuskure wajen daidaita haƙora kan jawo kuka da saurin lalacewa. Masu ƙera waɗannan sassa kan ba da shawarar a yi kusan kilomita 800 ba tare da jan kaya ba, sannan a canza man aksil. Kafin duk wannan, matakin da ya fi araha shi ne a kai tirelar kan sikeli da cikakken lodinta, a kwatanta nauyin da abin da littafin motar ya rubuta a gaban lambar aksil ɗinta.