Wa Ya Fi Yin Magana a Ajinku?

Ku ɗan tuna darasin Hausa ko na Turanci da kuka yi a makon nan. Malam ya tsaya gaban allo ya ce, "Mene ne jam'in kalmar gida?" Wata ta ɗaga hannu ta ce, "Gidaje." Malam ya ce, "Madalla, zauna." Can ya juyo ya ce, "Kun gane?" Aji duka ya amsa da murya ɗaya, "E, malam!"

Yanzu ku ƙirga kalmomin da kowa ya furta. Ɗalibar da ta ba da amsa kalma ɗaya tak ta faɗa, sauran kuwa biyu-biyu. Alhali darasin harshe ake yi, wato darasin da ya kamata a ce a cikinsa ne bakin ɗalibi zai fi motsi. Irin wannan ƙirgen shi ne matakin farko na wani fanni da ake kira nazarin zance, wanda ake koya wa malaman harshe a ƙasashe da dama.

Mene ne nazarin zance?

Nahawu yana duba jimla ɗaya ne: ina suna, ina aikatau. Nazarin zance kuwa yana duba abin da ya wuce jimla: wa ya fara magana, wa ya karɓa, me aka yi nufi. Idan kakarku ta ce, "Kai, ɗakin nan da sanyi," a nahawu bayani ta yi. Amma yaro mai hankali ya san cewa umarni ne, sai ya tashi ya rufe taga. Haka in aka ce maka "Ina kwana?" ka yi shiru, ba ka karya dokar nahawu ko ɗaya ba, amma ka yi laifi, domin gaisuwa tana jiran amsarta.

Wani masanin harshe Ba'amurke, Zellig Harris, shi ya fito da sunan fannin a 1952. Amma waɗanda suka shigar da shi aji su ne John Sinclair da Malcolm Coulthard na Jami'ar Birmingham a Ingila. Sun yi aiki da darussan firamare da aka naɗa a rikoda, aka rubuta duk abin da malamai da yara suka faɗa. A littafinsu na 1975 sun nuna cewa yawancin maganar aji tana tafiya ne a taku uku: malam ya yi tambaya, ɗalibi ya amsa, malam ya yanke hukunci a kan amsar.

Takun na uku shi ne abin lura. A ce wani ya tare ka a hanya ya tambaye ka ina tasha take, ka nuna masa, sai ya ce, "Daidai ne, ka ci maki biyu." Ai za ka ɗauka ba shi da lafiya. A waje mutum yana tambaya ne don bai sani ba. A aji kuwa malam ya riga ya san amsar, gwada ka kawai yake yi. Cikin taku ukun nan biyu na malam ne, ɗaya ne naka, kuma sau da yawa kalma ɗaya ce.

Yadda ake horar da malami

Abu na farko da ake sa mai koyon malanta ya yi shi ne ya saurari kansa. Zai naɗi darasinsa, ya zaɓi minti goma, ya rubuta shi kalma bayan kalma, har da "to" da "am" da wuraren da aka yi shiru. Sannan ya zauna da mai horar da shi su amsa wasu tambayoyi. Tambaya nawa ya yi? Nawa ne a ciki ya riga ya san amsarsu? Su wa suka yi magana, 'yan gaba ne kaɗai? Da yaro ya yi kuskure, katse shi aka yi ko an bar shi ya ƙarasa?

Malami yakan yi mamakin abin da zai gani. Tun a shekarun 1960 wani mai bincike, Ned Flanders, ya lura cewa a azuzuwan da ya duba a Amurka, kusan kashi biyu cikin uku na maganar da ake yi daga bakin malami take fitowa.

Abu na biyu shi ne jira. Mary Budd Rowe, wadda ta yi bincike a kan koyar da kimiyya a Amurka, ta auna tsawon lokacin da malamai ke jira bayan sun yi tambaya. Ta samu kusan daƙiƙa ɗaya ce, daga nan sai su maimaita tambayar, ko su kira wani, ko su amsa da kansu. Da aka koya wa malaman su riƙa jira daƙiƙa 3 ko fiye, sai amsoshi suka ƙara tsawo, masu ɗaga hannu suka ƙaru, masu cewa "ban sani ba" suka ragu. Ga wanda ke koyo da harshen da ba nasa ba, kamar yadda da yawanku ke yi da Turanci, daƙiƙun nan suna da tsada, domin sai ya nemo amsar tukuna, sannan ya nemo kalmomin da zai faɗe ta da su.

Abu na uku shi ne sauya irin tambayar. A 1986 Cynthia Brock ta wallafa wani gwaji da ta yi da malaman da ke koya wa baƙi Turanci. An horar da wasunsu su riƙa yin tambayoyin da ba su san amsarsu ba, aka bar sauran yadda suka saba. Ɗaliban malaman da aka horar sun riƙa ba da amsoshi masu tsawo, jimlolinsu kuma sun fi sarƙaƙiya. Ku gwada da kanku. "Wane ne ya rubuta Ruwan Bagaja?" amsarta gajeriya ce: Abubakar Imam. Amma "Wane hali na Malam Zurƙe ne ya fi ba ka haushi, kuma me ya sa?" dole ka haɗa jimla, ka kawo dalili.

A namu azuzuwan fa?

Kun san malaman koyon aiki da kwalejojin ilimi ke turowa makarantunku, waɗanda malamansu kan zo su zauna a bayan aji suna rubutu. Abin da suka tarar bai da sauƙi. Ɗalibai sun yi yawa, lokacin darasi gajere ne, ga manhaja da dole a gama kafin jarrabawa. Ga kuma tarbiyyarmu, wadda ta koya mana kada yaro ya tsoma baki in babba na magana. Shi ya sa amsa da murya ɗaya ta zama ruwan dare. Tana da amfani wajen haddar sababbin kalmomi, amma tana ɓoye wanda bai gane ba. Malamin da ya koyi nazarin zance yakan nemi dabara: ya ce kowa ya tattauna da na kusa da shi minti biyu kafin a amsa, ko kuma maimakon "Madalla" ya ce, "Me ya sa ka ce haka?" ko "Wa yake da wani ra'ayin?"

Ranar jarrabawar WAEC ko NECO babu amsa da murya ɗaya. Kai kaɗai za ka rubuta insha'i, ka jera dalilai ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai saba haɗa dogon zance da baki ba, zai sha wuya wajen haɗa shi da biro.

Aikin wannan mako

Ku nemi izinin malami, ku zaɓi darasi ɗaya. Ku ja layi a tsakiyar takarda, gefe ɗaya malam, gefe ɗaya ɗalibai, ku riƙa yin alama duk lokacin da wani ya yi magana. Ku lura da amsa mafi tsawo da ɗalibi ya bayar, da irin tambayar da ta jawo ta. Bayan an tashi ku nuna wa malam cikin ladabi.

Kafin nan, ga abin da ke hannunku. In an tambaye ku, ku amsa da cikakkiyar jimla, ku ƙara da "saboda". In abokinku ya yi shiru yana tunani, kada ku yi masa dariya ko ku ƙwace amsar. In kuma aka ce "Kun gane?" alhali ba ku gane ba, ku ɗaga hannu ku faɗi daidai wurin da kuka ɓace. Mai yiwuwa rabin ajin ma a nan suka ɓace.