Sankarar tumbi: ko ta yi nisa, da sauran magani

Daga Ƙofar Marusa zuwa kowace unguwa ta Katsina, duk zafin da ya taso a ciki sunansa olsa. A tsaya kyamis, a karɓi farin ruwan nan, a sha, ya lafa. A ƙarƙashin wannan suna ne sankarar tumbi ke ɓuya, domin farkonta bai bambanta da gyambon ciki ba, kuma sau da yawa tushensu ɗaya: ƙwayar Helicobacter pylori, wadda hukumar binciken sankara ta duniya ta sanya cikin masu haddasa cutar tun 1994. Kafin rama, saurin ƙoshi, amai da baƙin bayan gida su kai mutum asibiti, galibi ciwon ya riga ya tsallaka zuwa hanta ko rufin ciki.

A nan iyali kan ce ai magana ta ƙare, a koma gida. Ban yarda ba. Gaskiya ne lissafin ba shi da daɗi: ko a Amurka, cikin mutum 100 da ciwon ya bazu a jikinsu, kimanin 7 ne ke kai shekara 5, alhali idan an kama shi bai bar tumbi ba sukan kai 75. Amma rashin warkewa daban, rashin magani daban. Wanda aka bari haka nan yakan yi wata 3 zuwa 5. Wanda jikinsa ya ɗauki kemo yakan doshi shekara. A 2010 wani gwaji mai suna ToGA ya nuna cewa ƙara maganin trastuzumab a kan kemo, ga waɗanda ciwonsu ke ɗauke da alamar HER2, ya ɗaga matsakaicin kwana daga wata 11 zuwa kusan 14. Ban da wannan, ana iya zura bututu ko a yi ƙaramar tiyata don abinci ya wuce, a yi gashi don tsayar da zubar jini, a ba da morfin don majinyaci ya yi barci, ya yi sallah cikin natsuwa.

Wani zai ce kemo ne ke ƙarasa mutum, ga tsada. Akwai gaskiya a ciki. Wanda ya kwanta ba ya iya tashi, kemo zai ƙara masa wahala ne kawai, kuma likitan kirki zai faɗa. Wanda ke kan ƙafarsa kuwa, cutar ce ta fi maganin ɓarna. Batun kuɗi ma shi ne dalilin da zai sa a tambayi likita ƙarara: warkarwa ake nema ko sassauci? Da amsar nan ake yanke shawara kafin a taɓa gona, ba da alkawarin mai maganin da ke shela a mota ba.

Tun 2025 akwai cibiyar kula da masu sankara a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ga kuma ta Shika a Zariya. Duk wanda olsarsa ta ƙi jin magani, yana kuma ramewa, don Allah a kai shi a leƙa tumbinsa da na'ura cikin wannan mako.